Aikin Al'umma: Wa Ke Magana, Wa Ke Yanke Hukunci?

Shirin Fadama na biyu da aka fara a 2004 da rancen Bankin Duniya, da shirin CSDP da ya biyo baya a 2009, duk a kan ginshiƙi ɗaya aka gina su: mutanen gari su zaɓi aikin da suke buƙata, su kafa kwamiti, su ba da nasu kason, su sa ido kan kuɗin. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu, domin da aikin gayya kakanninmu suka gyara hanya suka yashe rijiya.

Damuwata ita ce wanda ake kira “al'umma”. Idan aka yi taron a ƙofar fadar dagaci da hantsi, matar kulle tana cikin gida, makiyayi yana daji, ɗan ƙodago yana gonar wani. Wanda ya halarta kuma ba zai musa wa mutumin da yake ranta masa hatsi da bazara ba. Idan attajiri ya biya wa gari kasonsa, da wuya rijiyar burtsatse ta yi nisa da ƙofar gidansa. A takarda kuwa sai a rubuta cewa jama'a ce ta zaɓa.

Tun a 1969 Sherry Arnstein ta Amurka ta kwatanta shigar jama'a da tsani mai matakai takwas, inda ta sanya tuntuɓa cikin matakan jeka-na-yi-ka. Nazarin da Ghazala Mansuri da Vijayendra Rao suka yi wa Bankin Duniya a 2013 ya nuna cewa masu hali da ilimi ne suka fi mamaye irin waɗannan taruka.

Ban ce a soke tsarin ba, gyara nake nema. A yi wa mata zamansu daban a lokacin da za su iya fitowa. A zaɓi aiki ta ƙuri'ar sirri maimakon ɗaga hannu a gaban manya. A karɓi ƙwadago a madadin kuɗi. A karanta lissafin da Hausa a bainar jama'a, a manna shi a kasuwa.

Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya umarci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Idan ba mu gyara yadda ake yanke shawara a ƙauye ba, kuɗin zai sauko, amma a hannun mutum biyar zai tsaya.