Maganin Wata Guda

A ƙaramin asibitin ƙauye, irin waɗanda ke warwatse tsakanin Girei da Fufore, da wuya ka ji wani ya shigo ya ce taɓin hankali ke damunsa. Abin da ma'aikaciyar lafiya ke ji shi ne, "'Yata, barci ya ƙaurace mini," ko "Gabana ke faɗuwa ba dalili." Wata uwa kuma ta turo saurayin ɗanta gaba ta ce, "Tun da muka baro Michika bai sake zama daidai ba." A da, maganin ciwon kai da na zazzaɓi ake miƙa musu, a ce Allah ya sawwaƙe.

A 2014 ne lamarin ya fi ƙarfin a kau da kai. Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, Mubi ta bi baya a watan Oktoba, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta. Wasu suka sauka a sansanonin Malkohi, Damare da Fufore, amma mafi yawa a gidajen dangi suka raɓa. Ko a nan ɗin ba su tsira daga firgici ba, don a 2015 bam ya tashi a Malkohi, ya kuma tashi a Jimeta. Hukumar IOM mai kula da masu ƙaura ta riƙa tura ayarin ma'aikata suna bin sansani da unguwa, suna zama da mata a kan tabarma, suna sauraro, wanda ciwonsa ya yi tsanani su tura shi gaba.

To, gaban ina ne? Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, akwai Asibitin Ƙwararru a Jimeta, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kula da wannan shiyya kuwa yana can Maiduguri. Mutumin Toungo ko Madagali sai ya sayar da akuya kafin ya biya kuɗin motar mutum uku, domin mai irin wannan lalura ba ya tafiya shi kaɗai. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga al'umma ta haura miliyan 200. Shi ya sa shirin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi a 2008, ya ce a koya wa nas da ma'aikacin lafiyar ƙauye su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da gushewar hankali, su fara magani tun daga inda suke.

Aikin ba a allura da ƙwaya ya tsaya ba. Marar lafiya na iya zuwa da Fulatanci ko Margi ko Higi, sai an nemo tafinta, kuma ba kowace mace ce za ta faɗi abin da ya same ta a daji ta bakin maƙwabci ba. Sannan kusan duk wanda ya iso asibitin ƙauye ya riga ya bi ta wurin malam ko fasto, ya sha rubutu ko an yi masa ruƙiyya. Ma'aikaciya mai wayo ba ta faɗa da wannan. Cewa take, "Inna, a ci gaba da addu'a, amma a kwance masa marin, a kuma ba shi wannan kullum da dare." Tun 1954 Farfesa Thomas Lambo ya gwada irin haka a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda masu jinya ke zama cikin jama'a tare da danginsu.

A ganina, inda gizo ke saƙa shi ne wata na biyu. Magani ya karɓi mutum, ya fara barci, ya koma gona, sai ƙwaya ta ƙare. Damina ta sauka, kogin Binuwai ya cika, hanya ta yanke, motar ayari ba ta zo ba, ko kuɗin masu ba da tallafi ya ƙare an naɗe tabarma. Ciwon ya dawo, iyali su ce ai dama maganin asibiti ba ya jin iska, a sake ɗauko sarƙa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da tsohon Shugaba Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba waɗannan bayin Allah haƙƙi a rubuce. Sai dai ma'aikaciyar ƙauye da kabad ɗin magani take aiki, kuma idan ta buɗe ta tarar wayam, takarda kawai za ta rubuta wa Inna ta ce a nemo a kemis ɗin Jimeta.