Iska mai shiga da iska mai fita

A Dungas, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Ɗaki mai taga ɗaya tak yakan zama kamar tanderu. Amma in akwai taga gabas, akwai wata yamma, sai iska ta ratsa, a ji daɗin zama. Dalili shi ne, iska ba ta shiga wurin da ba ta da mafita. Wanda ya kafa baki ya hura kwalba ya san haka: kumatunsa za su kumbura, iskar ta ƙi wucewa.

Akwatin kwamfutar tebur ma ƙaramin ɗaki ne. Kayan da ke ciki suna aiki da lantarki, lantarki kuwa yana kawo zafi. In ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kusa digiri 100, sai ta rage sauri ko ta kashe kanta. Aikin da ba a adana ba ya ɓace ke nan.

Saboda haka ake sa wa akwatin ƴan fankoki. Yawancinsu faɗinsu santimita 12 ne. Na gaba suna jawo iska mai sanyi. Na baya da na sama suna fitar da mai zafi, don iska mai zafi ba ta da nauyi, sama take yi.

To, wace ya kamata ta fi yawa, mai shiga ko mai fita?

In mai fita ta fi yawa, iskar cikin akwatin takan ragu. Sai ta waje ta riƙa kutsawa ta kowace kafa, tana ɗauke da ƙura. A ƙasarmu wannan babbar ɓarna ce. Da hunturu, iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Ƙurar nan in ta kwanta bisa kayan ciki, sai ta lulluɓe su kamar bargo, zafi ya kasa fita.

In kuma mai shiga ta yi yawa ƙwarai, mafita ta yi kaɗan, iska mai zafi takan tsaya ciki tana kewaya, kamar hayaƙi a madafa marar taga.

Abin da ya fi shi ne mai shiga ta ɗara mai fita kaɗan, misali fanka biyu gaba, ɗaya baya. A sa raga mai tace ƙura a bakin na gaba. Ta haka iska za ta shiga ta raga kaɗai, rarar kuma ta fice ta kafofi, ta hana ƙura shiga. Sai dai a riƙa kaɗe ragar, don in ta toshe, mai fita za ta sake rinjaye. Kada a ajiye akwatin a ƙasa, kada a manna bayansa da bango.

Mu gwada

A kunna kwamfuta, a riƙe siririn zare kusa da wata kafa ta akwatin, nesa da fanka. In zaren ya manne, mai fita ta fi yawa. In ya kauce, mai shiga ce ta fi.

Tambayoyi

1. Don me ɗaki mai taga biyu ya fi sanyi?
2. Me ƙura take yi wa kwamfuta?
3. Ina iska ke shiga ajinku, ina take fita?