Jarrabawar Turanci ta Kammala Sakandare: Abin da Ɗalibin Anguwan Rukuba Zai Tarar

1.0 Gabatarwa

Anguwan Rukuba tana cikin ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato. Mazaunanta sun fito daga al'ummomi daban-daban, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da kan titi. Ɗalibin wannan unguwa da ke neman shiga Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 1975, sai ya sami aƙalla sakamakon C6 a darasin Turanci. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tsarin jarrabawar da hukumar WAEC ke shiryawa, tare da nuna inda sabo da Hausa kan zame wa ɗalibi cikas.

2.0 Tsarin Jarrabawar

Jarrabawar ta kasu gida uku. Takarda ta farko tambayoyi 80 ce na zaɓen amsa a kan nahawu da ma'anar kalmomi, cikin sa'a guda. Ta biyu, mai sa'a biyu, ita ce mafi nauyi, domin tana ɗauke da maki 100: insha'i na kimanin kalmomi 450 (maki 50), auna fahimta (maki 20) da taƙaita labari (maki 30). A wajen insha'i, ana duba ƙunshiya da tsari da iya sarrafa harshe da kuma ƙa'idojin rubutu. Ta uku tambayoyi 60 ce a kan furuci, cikin minti 45.

3.0 Matsalar Furuci

Abin lura a nan shi ne, ɗalibi ba ya buɗe baki a takarda ta uku. Kalmomi ake ba shi a rubuce, ya zaɓi waɗanda sautinsu ya yi daidai. Ke nan, da kunnen zuci yake amsawa, wannan kunne kuwa da tsarin sautin Hausa ya saba.

Da farko, daidaitacciyar Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, ba ta kuma da /v/. Shi ya sa passenger ta koma "fasinja". Na biyu, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka ake cusa wasali a tsakaninsu, kamar yadda driver ta zama "direba", bread ta zama "burodi". Na uku, Hausa wasula biyar gare ta, kowanne da gajere da dogo, alhali Turancin Ingila, wanda a kansa aka gina jarrabawar, yana da tilon wasula 12 da tagwaye 8. Daga ƙarshe, Hausa da karin sauti take rarrabe ma'ana, shi kuwa Turanci ƙarfafa gaɓa guda yake yi, ana kuma tambaya a kan haka.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kurakuran ɗalibi ba na ganganci ba ne; suna da tushe sananne. Saboda haka, ya kamata malamai su riƙa kwatanta sautukan harsunan biyu a aji, suna amfani da kalmomin aro da ɗalibi ya riga ya sani. Wanda ya gane dalilin da ya sa ake cewa "direba", ya kama hanyar gyara furucinsa tun kafin ranar jarrabawa.