Yaron da Ya Ajiye Likitanci da Hannunsa

Mai karatu, mu fara daga gida. Ɗauka kai ɗan Kaugama ne. Mahaifinka ya sayar da buhunan riɗi da na zoɓo ya biya maka kuɗin rajista, aka raka ka tasha, ka tafi karatun likita a Dutse ko Kano ko Zariya. Kafin ka cika wata 3 unguwa ta manta sunanka na yanka, kowa sai Dakta. Ka dawo hutu, wata tsohuwa ta tare ka a zaure tana nuna maka gwiwarta da ta kumbura, tana cewa Allah Ya nuna mata ranar da za ka gama. Kai kuwa akwai maganar da ka haɗiye ta tsaya maka a wuya: karatun nan bai taɓa shiga ranka ba. To, me za ka yi?

Kada ka yi saurin amsawa. Fiye da shekara 70 da suka wuce wani yaro ya tsaya a wannan mararraba, kuma abin da ya zaɓa har yau ana cin moriyarsa. Saurari labarinsa tukuna.

Sunansa Albert. An haife shi ranar 16 ga Nuwamba, 1930, a Ogidi, wani gari na ƙasar Ibo kusa da Anaca. Mahaifinsa malamin mishan ne, ba mai dukiya ba. A 1944 yaron ya ci jarrabawar shiga Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda a Gabas take da irin darajar da Kwalejin Barewa take da ita a wurinmu. Kaifin ƙwaƙwalwarsa ya sa aka tsallakar da shi aji, ya gama a shekara 4 maimakon 5. Sai dai makarantar tana da wata doka mai ban mamaki: akwai lokacin da shugabanta ya hana kowa taɓa littafin darasi da yamma. Yara suka rasa abin yi, suka faɗa laburare suna karanta littattafan hikaya. Albert ya ɗanɗana, ya ji zaƙi. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya, a Ibadan, ƙarƙashin Jami'ar Landan. A wani tsohon asibitin sojoji da ke Eleyele aka fara karatu. Albert ya zauna jarrabawar shiga, ya yi zarra, aka ba shi babban tallafin karatu domin ya zama likita. Ka san me wannan yake nufi a wancan zamani? Likita baƙar fata abin nunawa da yatsa ne. Ko a nan Arewa, bai fi 'yan shekaru ba da Dakta Barau Dikko ya zama ɗan yankin na farko da ya sami wannan matsayi. Ɗan malamin mishan ya sami hanyar zama likita, kuma kyauta. Wane uba ne ba zai yi barci da murmushi ba?

Ya shiga aji, ya zauna, ya yi shekara guda cur yana fama da darussan kimiyyar da ake shimfiɗa wa mai son zama likita. Ba daƙiƙi ba ne, ka dai ji tarihinsa. Amma abin da kai yake iya ɗauka daban, abin da zuciya take so daban. Shekara tana cika ya yanke shawarar da ta girgiza danginsa: ya bar likitanci, ya koma sashen adabin Turanci da tarihi da nazarin addini.

Nan take ya ga abin da shawarar ta jawo. Tallafin nan don likitanci aka ba shi, da ya bar likitanci sai tallafi ya bi iska. Jiya ɗalibin da ake ɗauke wa komai, yau mai neman kuɗin makaranta. Mai karatu, sa kanka a rigarsa. Ga riga fara ta likita an miƙo maka, ga albashi, ga girma, ga iyayen da suka gama sa rai. A ɗaya hannun kuma ga karatun da ko sunan aikin da zai ba ka ba ka sani ba. Hausawa suka ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kai da za ka iya sakin reshe alhali ba ka ga ganyen da za ka kama ba?

A nan ne wani mutum ya shigo labarin, wanda ba a cika ambatonsa ba, ni kuwa a wurina shi ne gwarzon. Wansa ne, Augustine, ma'aikaci mai cin albashi. Ya daɗe yana tara 'yan kuɗi domin hutunsa na shekara. Da ya ji abin da ya sami ƙanensa, sai ya kwashi kuɗin nan ya ba shi ya biya makaranta, shi kuwa ya haƙura da hutun. Ka lura, ba kuɗin likitanci ya biya ba. Kuɗin karatun da jama'a suke gani wauta ne ya biya. Da wannan, da gudummawar dangi, da ɗan tallafin gwamnati da ya samu, yaron ya ci gaba da zama a Ibadan. Me Augustine ya hango? Bai hango komai ba. Ƙanensa kawai ya yarda da shi.

Yanzu ga inda abin mamakin yake. A sabon sashen nasa, malamansu Turawa suka kawo musu wani littafi mai suna Mister Johnson, wanda Joyce Cary ya wallafa a 1939. Shi wannan Cary tsohon jami'in mulkin mallaka ne da ya yi aiki a ƙasar Borgu, kuma a nan Arewa ya kafa labarin nasa. Labarin wani matashin akawu ne baƙar fata, mai rawar kai da bautar Bature, wanda a ƙarshe Baturen da yake yi wa hidima ya harbe shi. A Turai da Amurka an yi ta yabon littafin, har wata babbar mujalla ta ɗora shi a kan duk wani ƙagaggen labari da aka rubuta game da Afirka. Malaman sun zaci ɗalibai za su yi murna, tunda ga labarin ƙasarsu. Sai wani ɗalibi ya miƙe ya ce shi wuri ɗaya kawai ya ji daɗi a littafin, wato inda aka harbe akawun. Ajin ya goyi bayansa.

Albert ya duba littafin nan bai ga kowa da ya sani a ciki ba. Ina dattawan garinsu masu magana da karin magana? Ina masu shari'a a dandali, da manoman doya, da 'yan kokawa? An zana mutanensa kamar ba su da tarihi, ba su da hankali, sai da Bature ya zo. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ƙudura cewa labarin nan sai ɗan gida ya ba da shi da bakinsa. Ka gani? Da yana can ɗakin gwaje-gwaje, da wa zai ɗora masa wannan littafi a gaba har ransa ya ɓaci?

Kana zaton daga nan sai daɗi? Ina! A 1953 ya gama, sakamako ya fito, digiri mai daraja ta biyu. Yaron da ya saba zama na gaba, wanda ya jefar da likitanci saboda wannan karatu, bai sami daraja ta ɗaya ba. Ransa ya sosu, ya koma Ogidi bai san inda zai dosa ba. Ya sami koyarwa a wata makaranta mai rauni a garin Oba, ya yi wata 4. Ka yi tunanin abin da masu tsegumi suke faɗa a lokacin: ga wanda ya ƙi zama likita can yana fama da alli. Da kai ne, ba za ka fara cizon yatsa ba?

A 1954 ya sami aiki a gidan rediyon gwamnati a Legas. Da rana aiki, in ya tashi ya dawo ya duƙufa a kan rubutu da hannu. Da labarin ya kammala, sai ya yi wata kasada da ta kusa rusa komai. A 1957 ya ga tallar wani kamfani a Landan mai buga rubutu da tafireta. Ya ɗauki rubutun nan, kwafi ɗaya tilo da yake da shi a duniya, ya sa a ambulan, ya haɗa da kuɗin aikin, ya aika ta gidan waya. Wata ya wuce, shiru. Watanni suka shuɗe, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kamfanin ya karɓe kuɗi ya jefar da takardun a lungu.

Allah Ya sa shugabarsa a wurin aiki, wata Baturiya mai suna Angela Beattie, za ta tafi hutu Ingila. Ya roƙe ta ta leƙa. Ta je ofishin da kanta, ta buɗe musu wuta, ba shiri suka zaƙulo takardun suka buga suka aiko. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da rubutun nan ya ɓata, da wuya ya sake ɗaukar alƙalami. Ka ga sau biyu ke nan wani yana tare masa faɗuwa.

Ranar 17 ga Yuni, 1958, kamfanin Heinemann ya fitar da littafin a Landan, kwafi 2,000 kacal. Sunansa Things Fall Apart. Marubucin kuwa ya riga ya ajiye sunan Albert, ya riƙe na gida: Chinua Achebe. I, shi ne dai wanda ka sani. An fassara littafin zuwa harsuna fiye da 50, an sayar da miliyoyin kwafe, Nelson Mandela ma ya karanta rubutunsa a kurkuku ya sami sanyin zuciya. Mu ma nan bai yi mana nisa ba, domin a jamhuriya ta biyu jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ya shiga, har ya riƙe babban muƙami a cikinta a 1983. Ya rasu a Boston ta Amurka ranar 21 ga Maris, 2013.

To mu koma Kaugama, wurin ɗan'uwanmu da muka bari a zaure da tsohuwa. Kada ya ji labarin nan ya ce gobe zai tattara kayansa. Ba duk wanda ya bar aji yake zama Achebe ba. Dubi yadda shi ya yi. Bai gudu a makon farko don darasi ya yi tsauri ba, sai da ya ba karatun shekara guda ya tabbatar ba wuya ce take korarsa ba, rashin so ne. Bai bar jami'a ya koma gindin bishiya ba, daga wani sashe ya koma wani, kuma ya san abin da yake so tun daga laburaren Umuahia. Ya kuma sauya da wuri, kafin shekaru da kuɗi su narke. Har yau a yawancin jami'o'inmu ƙofar canjin kwas a ƙarshen shekarar farko take buɗewa, ga wanda makinsa ya kai kuma takardunsa na sakandare suka dace. Wanda ya yi sakaci ya zubar da maki don fushi da kwas ɗin da aka ba shi, da hannunsa ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Wanda kuma ya riga ya yi nisa, akwai wata hanyar. Ali Nuhu ilimin labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos, ya kammala abinsa, sannan ya bi harkar fim da ransa yake so. Digiri bai ɗaure ƙafar kowa ba. Abin da yake kashe ɗalibi shi ne ɓoyo: ya yi ta faɗuwa jarrabawa a asirce, gida ana ta sayar da amfanin gona ana aika masa, sai ranar da aka kore shi gaskiya ta fito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ka zauna gaban mahaifinka tun yau, ka ce, "Baba, akwai maganar da take damuna," ka sha faɗan yini ɗaya, da ka sa shi kukan shekaru.

Saura kai, mai karatu, da ka riga ka wuce wannan mataki, kana da ɗan albashinka ko 'yar gonarka a fadama. Tun ɗazu ina tambayarka abin da za ka yi in kai ne Albert. Ga tambayar da ta fi wuya. Daren nan ƙanenka ya yi sallama a ƙofar ɗakinka, ya durƙusa, kansa a sunkuye, ya ce, "Yaya, karatun nan ba nawa ba ne, ga wanda nake so." Kuɗin da ka tara na wata buƙatarka suna nan a ajiye, shi kuma ba shi da wata shaida da zai nuna maka sai maganar bakinsa. Augustine bai san ƙanensa zai zama kowa ba a ranar da ya miƙa nasa. Kai me za ka ce wa naka?