Kumbon da Ya Kusa Halaka Armstrong Yana Ajiye a Garinsu

Wapakoneta ƙaramin gari ne a yammacin jihar Ohio ta Amurka, mutanensa ba su wuce dubu goma ba, gonakin masara da waken soya sun kewaye shi ta ko'ina. Matafiyi a kan babbar hanyar nan mai lamba 75 zai iya wuce shi bai sani ba, in ba don wata farar ƙubba da ke leƙowa daga cikin tudun ƙasa a bakin hanya ba. An gina ta ne da gangan don ta yi kama da wata yana fitowa. A ƙarƙashinta gidan kayan tarihin Armstrong yake, wanda aka buɗe ranar 20 ga Yuli, 1972, shekara uku cif bayan ɗan garin, Neil Armstrong, ya taka duniyar wata.

Gidan ba shi da girma. Babba mai sauri zai zaga shi cikin sa'a guda ya fito yana tambayar inda ake sayar da abinci. Kumbon Apollo 11 da ya kai shi wata ba ya nan, yana Washington a hannun cibiyar Smithsonian. To amma ga mai tafe da yara, ƙanƙantar nan ita ce ribar wurin. A manyan gidajen tarihi yaro gudu yake yi daga wannan jirgi zuwa wancan, ido ya ƙoshi kai bai ɗauki komai ba, kafin azahar ƙafa ta gaji ya fara rigimar a tafi gida. Nan kuwa kayan kaɗan ne, na ainihi ne, kuma yawancinsu labarin mutum ɗaya suke bayarwa tun daga ƙuruciyarsa.

Abin da ya fi saurin kama yara shi ne wani ɗan jirgi mai farfela ɗaya, ƙirar Aeronca Champion, mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. A cikinsa Armstrong ya koyi tuƙi. An haife shi ranar 5 ga Agusta, 1930, kuma yana ɗan ƙaramin yaro mahaifinsa ya ɗauke shi suka hau jirgi karon farko. Da ya taso sai ya kama aiki a wani kantin magani na garin, ana biyansa santi 40 a awa, alhali darasin tuƙi na awa ɗaya dala 9 ne. A ba ɗan aji biyar wannan lissafi ya yi da kansa: sai an yi aikin awa ashirin da biyu da rabi kafin a samu awa guda a sama. Ya karɓi lasisin tuƙin jirgi yana shekara 16, tun bai mallaki na mota ba. Yara kan yi dariya in sun ji haka, iyaye kuma su ɗan yi shiru.

Ni dai a wurina, abin da ya cancanci a ja yara a tsaya a gabansa a daɗe shi ne kumbon Gemini 8. Ainihinsa ne, wanda ya je ya dawo. Jikinsa baƙi-baƙi ne, ƙarfen a tattare kamar kwanon rufi, ga ƙofofi biyu da 'yan tagogi biyu da ba su fi a rufe da tafin hannu biyu ba. In ka ɗaga yaro ya leƙa ciki, zai ga kujeru biyu manne da juna, maɓallai da makunnai a gaba, a sama, a tsakiya, ba wurin miƙe ƙafa balle tsayuwa. Ƙanwar wani yaro da muka tarar a wurin, wadda ba ta fi shekara bakwai ba, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ta tambayi mahaifinta ina ɗakin kwanansu yake. Babu. A irin wannan kumbo ne Frank Borman da Jim Lovell suka shafe kusan kwana 14 a watan Disambar 1965, a nan suke ci, a nan suke barci, a nan suke biyan buƙata cikin leda. Wannan na ƙarshe shi ne tambayar da kowane yaro yake yi, kuma bai kamata a kwaɓe shi ba, domin injiniyoyin ma sun sha wahala a kanta.

Ranar 16 ga Maris, 1966 aka harba Gemini 8 ɗauke da Armstrong da David Scott. Aikinsu shi ne su cimma wata roka marar matuƙi mai suna Agena da aka riga aka tura, su haɗe da ita. Ba a taɓa haɗe kumbo biyu a sararin samaniya ba kafin ranar, kuma ba a zuwa wata sai an iya wannan. Bayan kimanin awa shida da rabi suka haɗe lafiya lau. Ba a yi rabin awa ba sai abin ya fara juyawa, a daidai lokacin da suka yi nisa da tashoshin da ke sauraronsu daga ƙasa. Suka zaci Agena ce ta lalace, suka rabu da ita. Ashe matsalar a nasu kumbon take: ɗaya daga cikin ƙananan injinan da ke daidaita shi, mai lamba 8, ya maƙale a kunne saboda tangarɗar waya. Da nauyin Agena ya sauka, sai juyin ya ƙaru har ya kai kusan zagaye ɗaya a daƙiƙa guda. Gani ya fara dushewa, suma ta matso. Armstrong ya kashe wannan rukunin injina gaba ɗaya, ya kunna na hancin kumbon waɗanda aka tanada don dawowa, ya tsayar da juyin da hannu. Hakan ya cinye yawancin man dawowar, doka kuwa ta ce da zarar an taɓa waɗannan injina sai sauka. Tafiyar da aka shirya ta kwana uku ta ƙare cikin ƙasa da awa 11, suka faɗa tekun Fasifik gabas da Okinawa, wani jirgin ruwan yaƙi ya tsamo su.

Na fi son yaro ya ji wannan labari kafin na wata. Labarin Apollo 11 an goge shi ya yi sumul, har yaro ya ɗauka waɗansu irin mutane ne na daban suka yi shi. A Gemini 8 kuwa akwai waya da ta lalace, akwai zato da ya zo ba daidai ba, akwai mutumin da ya san na'urarsa ciki da bai har ya tuna makunnin da zai taɓa alhali kansa na juyawa. Yaron da ya taɓa kwance rediyo ya kasa mayarwa zai gane wannan.

Mai karatu na Kano yana da hannu a nan. A zamanin shirin Mercury da na Gemini, kumbo ba ya iya magana da Amurka sai yana saman wata tasha, don haka hukumar NASA ta jera tashoshi a faɗin duniya, ɗaya daga cikinsu a Kano. Lokacin da John Glenn, shi ma ɗan Ohio, ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ya yi magana da tashar Kano yana ratsa Afirka. A 1963 Najeriya ta buga kan sarki mai hoton kumbon Mercury da wannan tasha. Ɗalibai nawa ne a Kano yau aka taɓa gaya wa haka a aji?

Sai dutsen wata. Gara a shirya wa yara zuciya, don ɗan guntu ne mai launin toka a bayan gilashi, ba ƙyalli ba komai, daga cikin kilo 21 da rabi da Apollo 11 ya kwaso. Yaro zai ce a bayan gidansu akwai wanda ya fi shi kyau, kuma da gaskiyarsa. Darajarsa sai da bayani: daga nisan kilomita 384,400 aka ɗauko shi, ya haura shekara biliyan 3, kuma a inda yake ba iska ba ruwa da za su cinye shi. Abin da ya fi shiga kan yara shi ne maganar nauyi. Jan da wata ke yi kashi ɗaya ne cikin shida na duniya, wato yarinya mai kilo 30 ma'auni zai nuna 5 a can. Da wannan ake fahimtar yadda mutum ke tsalle sanye da irin jibgegiyar farar rigar da ke tsaye a cikin gilashi kusa da nan.

Akwai na'urorin gwaji inda yaro zai zauna ya kama sanda ya yi ƙoƙarin saukar da kumbo a kan wata ko haɗe shi da wani. Yawanci faɗuwa suke yi, man ya ƙare ko su sauko da gudu. A nan iyaye ke ɓata abin, uba ya miƙa hannu ta saman kafaɗa yana cewa matsa in nuna maka, shi ma ya kifar. A ƙyale yaro ya faɗi sau uku, a na huɗu da kansa zai gano cewa tun da nisa ake fara rage gudu, kuma kowane gyara mai yake ci. A lokacin ne za a gaya masa cewa Armstrong ma da ya sauka a 1969, sai da ya kauce wa wani fili mai duwatsu, ya dire da man da bai kai na minti ɗaya ba.

Ɗakin madubai da ke sa mutum ya ga kamar taurari sun kewaye shi, da majigin da ake nunawa a cikin ƙubbar, ba laifi, amma ba su za a yi wa tattaki ba. Wanda ya samu kwana biyu sai ya gangara kudu zuwa Dayton, tafiyar kimanin awa ɗaya a mota, garin 'yan'uwan nan Wright da suka tashi jirgi a 1903, inda babban gidan tarihin sojan saman Amurka yake da ɗaruruwan jirage. Shawarata a fara da Wapakoneta, kuma kada a haɗa su rana ɗaya, don yaron da ya kwana da manyan jiragen yaƙi a ido ba zai tsaya leƙen kujeru biyu ba.