Bayani A Kan Tawadar Alƙalami Mai Araha Wadda Ba Ta Wari

 Wannan bayani ne a kan tawadar kwalba, ta alƙalamin zamani mai zuƙar tawada a cikinsa. Tun da biro ya cika kasuwa masu neman ta sun ragu, kwalba kan daɗe a kanta ba a taya ba. Wanda ya zo nema kuwa abu biyu yake tambaya, araha da rashin wari.

Da farko ku sani, tawadarmu ta gida ba ta wannan alƙalami ba ce. Ta allo gawayi ce da ƙaro. Ta takarda kuwa akan jiƙa bagaruwa da ƙarfe, a sa ƙaro. Duka sun dace da alƙalamin kara, amma alƙalamin zamani hanyar tawadarsa siririya ce kamar gashi, ƙaro na bushewa ciki ya toshe ta. Haka tawadar hatimi da ta injin buga takarda. Wanda ya sayar da su don araha ya kashe wa mutum alƙalami, ya kuma rasa mai ciniki.

To wari fa, daga ina? Tawadar kwalba ruwa ce da rini, sai ɗan magani mai hana ta ruɓewa. Wasu kamfanoni, musamman a da, sukan zuba finol, mai wari irin na maganin wanke asibiti. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka yi ta. Wasu masu launin shuɗi-baƙi kuma akwai ƙarfe cikinsu, sukan yi ƙarni kaɗan. Amma in kun ji tsami ko warin rima, tawada ta mutu, ko kyauta kada ku karɓa. Wadda aka fi samu ba wari ita ce shuɗiya zalla, mai fita da ruwa.

Sunayen da aka sani su ne Quink ta kamfanin Parker, wadda ta fito tun 1931, da Pelikan 4001 ta Jamus, da Hero ta ƙasar Sin, wadda ta fi su sauƙin kuɗi. Amma fa kada girman kwalba ya ruɗe ku, ku karanta awon da ke jikinta. Kwalbar Quink mililita 57 ce, ƙaramar Pelikan 30. Ku raba kuɗin kowace da awonta, nan araha take fitowa. Gajeriyar robar tawada da ake cusa wa alƙalami ba ta kai mililita 1 ba, kwalbar Quink guda ta fi irinta 60. Ke nan mai yawan rubutu kwalba ce ribarsa.

In kun je sari Katsina ko Daura, ko Sabon Gari a Kano, ku roƙi a buɗe muku guda. Ku shinshina. Ku ɗaga ta a haske ku duba gindi ko akwai laka. Ku tsoma tsinke mai tsabta, in ya fito da yauƙi ku bar ta. Kwalba sabuwa da ta yi ƙasa da wuya sosai, murfinta ba ya kamawa, ruwanta ya tsere.

Bayan haka sai ajiya. Rana tana kashe launi, zafin bazara yana ƙafar da ruwa. Ku sa ta cikin kwalinta a inuwa, murfi a ɗaure. Kada a ƙara mata ruwan rijiya don ta yi auki, shi ke kawo ruɓa da wari. Kuma ku saro kaɗan-kaɗan, gwargwadon masu saye da kuka sani, don kada jari ya kwanta a kanta.

Allah Ya ba da kasuwa mai albarka. Wasalam.