Jule Charney: Malamin da ya koya wa kwamfuta duban hadari

'Yan uwa fatake, duk wanda ya taɓa koro garke daga Abalak ko Tawa zuwa kara ya san cewa farashin sa a hannun damina yake. In ruwa ya yi jinkiri, ciyawa ta ƙare, mai shanu sai ya sayar a wulaƙance. To, hasashen yanayin da muke ji a rediyo, wa ya share masa hanya?

Cikin manyansu akwai Jule Charney, Ba'amurke, haifaffen San Faransisko a shekarar 1917. Iyayensa baƙi ne daga ƙasar Rasha, masu aikin ɗinki. Ya yi karatun lissafi, daga baya ya koma nazarin iska da gajimare. A 1950, shi da John von Neumann da Ragnar Fjørtoft suka sa wata ƙatuwar kwamfuta mai suna ENIAC ta lissafa yanayin gobe. Aikin hasashen kwana guda ya ci musu kusan kwana guda cur! Amma fa daga nan ƙofa ta buɗe.

Ga inda zancensa ya shafe mu. Bayan farin 1968 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobin Sahel, Charney ya fito da wani bayani a 1975. Ya ce in dabbobi suka cinye ciyawa ƙasa ta zama fili fetal, farar ƙasa tana mayar da hasken rana sama, iska ta huce ta sauko, hadari ya kasa haɗuwa. Wasu suka riƙe wannan suka ɗora wa makiyaya laifin fari.

Charney ya rasu a 1981. Binciken da ya biyo baya, musamman na Alessandra Giannini a 2003, ya nuna cewa babban dalilin farin shi ne sauyin ɗumin ruwan teku. Ƙarancin ciyawa yana ƙara wa abin tsanani ne kawai.

Saboda haka kada mu yarda a jibga mana laifin duka, kuma kada mu sake mu bar makiyaya ta zama hako. In cibiyar AGRHYMET ta Yamai ta fitar da hasashen damina, mu kasa kunne kafin mu ƙulla ciniki. Wanda ya rage garke da wuri ya fi wanda ya jira ƙashi.